Murfin Laraba

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Talata aka tsinci Maame Akua Twumwaa a ƙasan matakalar banɗaki, kanta a jikin siminti, soson wankanta a hannu. Matakala uku ce kacal. Shekara shida tana hawanta tana sauka a gidan tsofaffin nan na Kwaemso, ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba.

Da abin ya tsaya nan, da an ce kwananta ne ya ƙare. To amma da mata suka zo gyara ta, sai suka ji ƙulli a bakin zaninta. Aka kwance, sai ga ƙwayar magani guda ɗaya, ja. Kowa a gidan ya san maganin hawan jinin Maame Akua fari ne, kuma rabi take sha, don ba ta da jiki. Jan nan na Opanyin Darkwa ne, tsohon malamin coci, ƙaton mutum mai shan ƙwaya uku kowace safiya. Aka ɗauko akwatin maganinsa aka girgiza, aka ji ya yi sauƙi.

Mutum ɗaya ke raba magani a gidan da safe. Sunanta Atampoka, 'yar arewa ce, daga wajen Bolga ta zo neman aiki shekara huɗu da suka wuce. Kafin rana ta take, rabin gari ya taru a tsakar gidan. Wata ta tuna jiya-jiyan nan marigayiyar ta zagi Atampoka a kan ruwan wanka ya yi sanyi. Wani ya ce mutanen can sama dama ba a sanin cikinsu. Madam Gyamfua, shugabar gidan, ta tura yarinyar ɗakin ajiya ta kulle, ta ce don kar a taɓa ta ne. An buga wa 'yan sanda. Motarsu tana wani gari, sai ƙarfe huɗu za su iso.

Cikin wannan hali Agya Berko ya shigo.

Shi ba kowa ba ne a gidan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun mafarauta da na dabbobin da suka harba, har gwiwa ta gaji ya ajiye. Duk Talata yakan zo duba yayarsa, Eno Dufie, wadda hankalinta ya fara yawo tun bayan rasuwar mijinta. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu.

Yana wucewa ta bayan ɗakin ajiya ya ji an kira shi ta ƙaramar taga.

"Agya. Agya Berko."

Ya tsaya. Idonta kawai yake gani tsakanin ƙarafan.

"'Yata, me kika yi?"

"Ban yi ba, Agya. Farinta na ba ta, rabi, a gabana ta haɗiye. Na auna jininta tukuna, na rubuta. Ban san inda ta samo jan ba."

"Akwatin Opanyin fa, wa ke riƙe shi?"

"Ni."

"Kullum yana hannunki?"

Ta kawar da ido.

"Ki faɗa mini. Ni ba ɗan sanda ba ne."

"Yau na ajiye shi a teburin baranda. Opanyin ya sha nasa ke nan na ji ihu a ɗakin maza. Papa Antwi ne ya zame daga gado, ya ɓata jikinsa. Na ruga. Kafin in ɗaga shi, in wanke shi, in canja zanin gado, an yi rabin awa. Na dawo na tarar da akwatin inda na bar shi, na mayar da shi kabad ban buɗe ba."

"Ke kaɗai ce? Ina ɗayar?"

"Wata uku ke nan da ta tafi. Mutum goma sha bakwai, Agya, ni kaɗai daga asuba har azahar." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina da ɗa a gida wurin uwata. In suka rufe ni, ba wanda zai gaya musu inda nake."

Berko bai yi mata alkawarin komai ba. Ya je ya sami Madam Gyamfua a ofis, tana ta goge wuya da hankici.

"Madam, ki bar ni in duba ƙasa."

"Wace ƙasa kuma? Nan ba daji ba ne, Agya."

"Duk inda mutum ya taka, daji ne a wurina."

Ta ɗaga hannu. "Duba. Amma kar ka tayar mini da hankalin tsofaffi, ya ishe su."

Tsakar gidan jar ƙasa ce, ana share ta da asuba, tsintsiya ta bar zanenta. Duk sawun da ya hau kan zanen, na yau ne. Tsakiya dai jama'a sun gama da ita. Sai ya bi gefe-gefe, jikin bango da gindin furanni, hannu a baya, yana tafe kamar mai neman allura.

Ya fara da silifar Atampoka. Ga ta nan, daga baranda ta nufi ɗakin maza, taku masu nisa, yatsu sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa ba. Gudu ne. Daga can kuma sawun ya fito ya yi bayan gida, wajen ƙaramar ƙofar da ke fita layi. Ya dakata. Tun ɗazu ake cewa ta nan take miƙa wa masu shagon magani abin da ta sata. Ya bi a hankali. Taku goma kafin ƙofar, sawun ya karya hagu, ya tsaya a bakin famfo. Zanin gado biyu na jiƙe a bokiti, warin bai gama fita ba. A bakin ƙofar kuwa yanar gizo-gizo ce ta haɗa sakata da bango, ba abin da ya tsinka ta.

Ya dawo ta bayan ɗakin mata. A nan ya ga wani takalmi mai tsinin baki, na fata, irin na 'yan birni. Ya zo har tagar marigayiyar, ya tsaya, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, sannan ya koma. Ba sai ya nemi mai shi ba. Yana can tsakiyar jama'a, muryarsa ta fi ta kowa: Oduro, ɗan ƙanwar Maame Akua, mai gadonta.

Berko ya ja shi gefe.

"Sannu da rashi, ɗana."

"Yauwa, Agya. Ka ga abin da baƙuwar nan ta yi mana?"

"Yaushe aka gaya maka?"

"Sha ɗaya da rabi. Ina ji na hau babur."

"To wa ya ara maka takalmi da safe, ya zo tagar innarka?"

Oduro ya dubi ƙafarsa, ya dubi tsohon. "Kai kuma wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Gara dai ka gaya mini kafin Sajan ya tambaye ka."

Ya yi tsaki. "Takarda na kawo ta dangwala mini hannu a kan gonar koko. Masu haƙar zinariya na so. Ta ce in jira ta mutu. Ta tofa mini yawu ta taga, ka ji abin da ya faru ke nan. Ƙarfe bakwai na bar nan."

"Ka ba ta wani abu? Ɗan tsimi, ɗan magani?"

"Wadda ko gaisuwata ba ta amsa ba, za ta karɓi abu a hannuna?"

Berko ya so a ce shi ne. Allah ya sani ya so. Ya koma ya bi takalmin taku-taku, daga babbar ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa inda babur ya tsaya. Bai kusanci baranda ba ko da kamu ɗaya. Kuma a saman sawunsa na komawa akwai na Atampoka tana tafe a hankali da tiren magani. Ya tafi ke nan tun kafin a fito da akwati.

Opanyin Darkwa na zaune a ɗakinsa, akwatin a cinyarsa, ya ƙi ba kowa.

"Berko, ɗan daji. Ka zo ka ga yadda aka mayar da ni mai kisan kai ina zaune."

"Opanyin, ba wanda ya ce kai ne."

"Maganina ne! Ɗana ya aiko mini da akwatin nan daga Turai. Da harufan Turawa ya zo, M da T da W, sai ka ce kaji sun yi tsagar ƙasa. Na ce ni ba zan sha rana da bakin wani ba. Na sa aka manna filasta, na rubuta da hannuna da yarenmu. Duba rubutu. Shekara tamanin da biyu, ko rawa bai yi ba."

Berko ya karɓa. Dogon akwati ne na roba, gida bakwai, kowane gida da murfinsa, kowane murfi da sunan rana.

"Yaushe ake cika shi?"

"Litinin da safe. Yarinyar ke cikawa ina kallo, uku-uku. Ba ta taɓa kuskure ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban alƙali, ko da yake kunun da take damawa ba ya shawuwa."

Berko ya buɗe murafen ɗaya bayan ɗaya. Litinin babu, an sha jiya. Talata babu, an sha yau. Laraba babu. Alhamis ga uku. Juma'a babu. Asabar ga uku. Lahadi babu.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya daɗe yana kallo.

Ɓarawo juyewa yake yi gaba ɗaya. Mai tsoro kuma daga ƙarshe yake tsakura, inda ba za a lura da wuri ba. Mai son kashe tsohuwa ɗaya, gida ɗaya ya ishe shi. Wannan hannun kuwa ya ɗauka, ya tsallake, ya ɗauka, ya tsallake, ya ɗauka. A daji bai taɓa ganin dabbar da ta tsallake ciyawa haka kawai ba. In ta bar wata, akwai abin da take zaɓe.

"Opanyin, bayan ka sha, wa ka bari a baranda?"

"Ba kowa. Na shigo karatu. Matan suna can bencinsu a gindin lemo suna cin naman mutane, kamar kullum."

"Su wa da wa?"

"Marigayiya. Da Afua Nyarko. Da kurmar nan, Akosua."

A ƙasar nan, ranar da aka haifi mutum ita ke ba shi suna. Akua, 'yar Laraba. Afua, 'yar Juma'a. Akosua, 'yar Lahadi. Ya dubi gidajen nan uku da suka zama wayam.

Ya ajiye akwatin, ya fita ba sallama.

Bencin yana can gefe, jama'a ba su taka wurin sosai ba. Tun da fari ya ga wasu 'yan ramuka a nan, ƙanana, zagayayyu, kamar an soka yatsa a ƙasa. Ya gan su ya wuce, don ya san su. Tsinin lema ce. Akwai mai dogara lema maimakon sanda a gidan, tana yawo da ita ko'ina, ba inda ba ta sokawa. Yanzu ya durƙusa, gwiwa na ƙara.

Ramukan sun taso daga bakin baranda, daidai tebur. Gefensu ƙafar hagu tana jan ƙasa. Sun zo gaban benci. A ƙarshen dama rami ɗaya ya yi zurfi, an tsaya an jingina. Taku biyu, wani mai zurfi. Taku biyu, na uku. Daga nan suka juya suka koma wajen tebur.

Shi ya saya mata lemar, a kasuwar Mampong, shekarar da ƙafar ta fara ja.

Ya zauna a ƙasa, a wurin. Kan lemo wani tsuntsu na ta kuka. Ya tuna yayarsa a zamanin da take da ƙarfi. Ba a jana'iza ko biki a cocinsu sai an kira Dufie ta raba nama, don ita ce ba ta mantawa da kowa, ba ta fifita kowa. A ajin manya ta koyi karatu, saboda ta karanta Littafi da kanta. Yau ba ta san shekarar da ake ciki ba. Amma ba mutumin da ta taɓa sani da ta manta ranar haihuwarsa.

Ba wanda ya ga ramukan nan sai shi. Tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe su. Ya kuma san garinsu. Ya san sunan da ake ba tsohuwar da ba ta da ɗa, in aka ce wani ya ci abu daga hannunta ya mutu.

Sai wani abu ya faɗo masa, ya miƙe da sauri har ya kusa faɗuwa. Gida uku aka buɗe. Gawa ɗaya ce.

Ya tarar da Maame Afua kwance a ɗakin mata, an ce baƙin ciki ne ya kayar da ita. Hannunta sanyi ƙalau, goshi na gumi.

"Maame, yaya jikin?"

"Ɗakin ne ke juyawa, Berko. Tun hantsi. In na ɗaga kai sai duhu."

"Kin sha wani abu bayan na Atampoka?"

"Na ranata mana. Dufie ta kawo. Ta ce coci ne suka aiko, kowa da ranarsa."

Ya ruga tagar ɗakin ajiya, irin gudun da ya yi shekara goma bai yi ba. Ya gaya wa Atampoka cikin kalma kaɗan. Ba ta tambayi wa ya yi ba, ba ta ce ka gani ba.

"Kar ta tashi! Ko fitsari ne a kawo mata kwano. A ɗaga ƙafafunta a kan matashi. Abin awo yana kan kabad, Madam ta iya. A nemo mota yanzu, asibiti za a kai ta, a tafi da akwatin likita ya gani. Maame Akosua fa? A duba bakin zaninta, ita ba ta haɗiye abu sai ta ga shayi. Agya, ka ce kar a ba su na yamma. Ka ji? Kar a ba su!"

Aka duba. Uku ɗin Akosua suna nan a ƙulle. Aka sa Maame Afua a tasi, ido a rufe, ba wanda ya san ko za ta dawo.

Yayarsa tana bayan kicin a kan kujera 'yar tsugune, tana tsinke ganyen gwaza, tana jera shi kashi-kashi. Lemar na jingine a cinyarta.

"Kwame! Sai yanzu? Ka rame. Matar nan ba ta ba ka abinci."

Ita kaɗai ke kiransa Kwame, sunan ɗan Asabar, matar tasa kuwa ta shekara tara da rasuwa. Ya zauna kusa da ita.

"Yaya, an ce kin yi rabo yau."

Fuskarta ta washe. "Ai dole. An ajiye abu a tebur, an rubuta sunan kowa, ba mai rabawa. Yaran yanzu ba su iya ba. Na ba Akua nata, na ba Afua, na ba Akosua. Nawa na Talata wani ya riga ni, ban yi fushi ba. Na Alhamis ban ga mai shi ba, Yaa ba ta fito ba." Ta matso, ta rage murya. "Na Asabar na bar maka. Kar ka bari su cinye."

Berko ya kama hannunta. Ƙashi ne da fata, da ɗumi.

"Na gode, Yaya."

"Me ya sa mutane suka cika gida? Biki ake?"

"E. Taro ne."

Ƙarfe huɗu da kwata Sajan Tetteh ya iso, shi da wani kurtu. Aka fito da kujeru baranda. Madam ta zauna, Opanyin ya zauna, Oduro ya ƙi zama. Aka fito da Atampoka ta tsaya jikin ginshiƙi. Jama'a suka yi da'ira a tsakar gida. Eno Dufie na kan benci tare da Maame Akosua da wasu mata biyu, tana kallon taron da murmushi.

Sajan ya saurari Madam, ya saurari Oduro har ya gaji, sannan ya ce, "An ce akwai wani tsohon ma'aikacin daji da ya yi mana aikinmu."

Berko ya fito. Ya dubi benci sau ɗaya, bai ƙara ba.

Ya faɗi komai yadda ƙasa ta nuna masa. Gudun silifa, da bokiti, da yanar gizo-gizo. Takalmi mai tsini da lokacin da ya tafi. Murafe uku da mata uku. Ya kai Sajan gaban benci ya nuna masa ramukan. Daga ƙarshe ya zo kan sunan.

"Yayata ce. Dufie. Ta ga sunayen ranaku, ta ɗauka sunayen mutane ne. Ta ba kowa ranarsa."

Idanu duk suka koma kan benci.

Sajan ya je gabanta ya rusuna. "Eno, ke kika ba Maame Akua magani?"

"Ni ce, ɗana. Ranarta ce. Kai wace rana aka haife ka?"

Wani ya yi dariya, ya katse.

"Eno, yau wace rana ce?"

Ta yi tunani. "Ba Kirsimeti ba ce?"

Sajan ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Agya, ka ji da kunnenka. Wannan zan kai gaban alƙali? Tsohuwar da ba ta san yau ba, da ramin lema?"

"Maame Afua ta faɗa da bakinta. Ga kuma uku a zanin Akosua."

"Afua tana asibiti, in ta tashi ma ji. Kuma ko na yarda da kai, wa ya bar maganin da zai iya kashe mutum a kan tebur, a gidan da rabinsu ba su san hannun damansu ba?"

"Mutum ne ya faɗi, ranka ya daɗe," in ji Atampoka. "Da na tsaya kai akwati, da yana kwance a ƙasa. Kuma ko na kai, kabad ɗin ba ya kulluwa. Tun Ista na faɗa."

Sajan ya juya. "Madam, haka ne?"

Madam Gyamfua ta dubi hankicinta. Berko ya ga abin da take aunawa. In ta ce e, za a tambayi kwaɗo, a tambayi ma'aikaciya ta biyu, a zo a rufe gidan, tsofaffi goma sha shida su rasa inda za su. Ba muguwa ba ce. Ya san ta tun tana yarinya.

"Dokarmu a rubuce take," ta ce a hankali. "Magani ba ya barin hannun mai rabawa. Ita ta sa hannu a takardar aiki."

"Ƙarya kike, Gyamfua!" Opanyin ya buga sanda. "Kabad ɗin nan ko akuya ta buɗe shi!"

"Opanyin, a yi haƙuri," in ji Sajan. "Guba ce ko sakaci ne, ba ni zan yanke ba. An mutu, kuma suna ɗaya ne a takarda." Ya yi wa kurtun alama.

"Ita kuma waccan fa?" Oduro ya nuna benci. "Kuna ji ta ce ita ta ba ta, tana murmushi! Mijinta ya tafi, ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, yanzu ta fara da na kusa da ita. Wannan mantuwa ce? Ku dai ku ce ba ku san sunan abin ba."

Ba wanda ya amsa masa. Ba wanda kuma ya ce ya yi shiru. Matan biyu da ke kan benci suka tashi kamar an kira su a wani wuri. Maame Akosua ba ta ji komai ba, amma ta ga fuskoki, ita ma ta ja jikinta ta bi su. Wata uwa a cikin jama'a ta janye 'yarta ta mayar bayanta.

Ba a sa wa Atampoka ankwa ba. Ta roƙi a bar ta ta ɗauko mayafi, aka bari. Da ta zo wucewa ta gaban Madam sai ta tsaya.

"Madam, na yamma ƙarfe shida ne. Papa Antwi sai an niƙa masa a cikin kunu. A auna kowa tukuna, in ya yi ƙasa kar a ba shi, a buga wa nas. Duk wanda ya sha, ya zauna bakin gado kaɗan kafin ya miƙe. Opanyin yana ɓoye na fitsarin a kumatu, a tsaya sai ya buɗe baki."

"Munafuka," in ji Opanyin, hawaye na bin gemunsa.

Ta iso wurin Berko. Ya kasa ɗaga ido.

"'Yata, na faɗa musu. Kin ji na faɗa."

"Na ji, Agya." Ta dubi benci, inda tsohuwar ke zaune ita kaɗai. "Da ka sani ka bar ta. Ga shi ba abin da ya canja."

Ta ba shi wata 'yar takarda mai lambar wayar wani maƙwabcin uwarta. Ta ce ya ce musu aiki ne ya yi yawa, kar ya faɗi sauran tukuna.

Jama'a suka bi motar zuwa ƙofa. Berko ya je ya zauna a benci. Daga kicin an fara fito da abincin yamma, dafaffiyar agada da miyar ganye, mai girki ta ajiye na Eno Dufie a can ƙarshen benci, ba ta miƙa mata a hannu ba.

Tsohuwar ta jawo kwanon. Ta leƙa wajen ƙofa.

"Kwame, ina za su kai yarinyar nan? Tun safe ban ga ta ci komai ba."

"Za ta dawo, Yaya."

"A'a, ba a haka." Ta raba agadar gida biyu daidai, ta ɗora rabi a murfin kwano, ta zuba miya a kai, ta lallaɓa kar ta zube. "Ungo. Bi ta da rabonta. Yi sauri mana, kai kullum sai nawa."

Ya karɓa. Ya ratsa tsakar gidan, mutane na matsa masa hanya fiye da yadda ake bukata. Da ya isa ƙofa, motar ta riga ta sha kwanar coci. Ya tsaya a bakin titi da murfin kwano a hannu, miyar na ɗiga ta tsakanin yatsunsa, yayarsa kuma na ɗaga masa lema daga benci, tana nuna masa ya ci gaba.